Lulluɓe Goyo Da Mayafi: Inda Kariya Kan Zama Hatsari

A Birnin Kebbi da Argungu, da sauran garuruwan da ke bakin fadamar Gulbin Rima, da wuya a ga mace ta fito da jariri a bayanta ba tare da ta yafa masa wani abu ba. Wata takan ja mayafinta ta rufe shi, wata ta saukar da hijabi a kansa tun daga ƙeya har ƙafa, wata kuwa ta ɗora masa tawul ko shawul mai kauri irin wanda ake kawowa cikin kayan barka. Sau da yawa mai wucewa ba ya sanin akwai goyo sai ya lura da tudun da ke bayan uwar, ko kuma ya hangi 'yan ƙafafu suna reto ta ƙarƙashin tufa. Abin ya zama jiki, har ma wadda ta fito da ɗanta fuska a buɗe ita ce ake yi wa kallon marar kula.

Babu mai shakkar cewa ƙauna ce ke sa a yi wannan lulluɓi. Amma binciken da likitoci da masana suka yi a ƙasashe dabam-dabam cikin shekaru 30 da suka wuce ya nuna cewa tufar da ta rufe fuskar jariri, ta hana iska shiga da fita, tana iya jawo masa lahani iri biyu, watau zafin da ya fi ƙarfin jikinsa da kuma toshewar numfashi. A ƙasar da zafin rana kan haura digiri 40 na ma'aunin santigired a watannin Maris da Afrilu da Mayu, lalle wannan magana ta cancanci a tsaya a dube ta da idon basira.

DALILAN DA KE SA A RUFE

Kafin a ce uwa ta yi kuskure, ya kamata a fara sanin abin da take gudu. Kowane lokaci na shekara a wannan yanki yana zuwa da nasa dalilin rufewa. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu takan taso daga hamada ɗauke da ƙura da hazo, ga kuma sanyin asuba wanda ya fi tsanani a garuruwan da ke kusa da ruwa. Da hunturu ya wuce sai bazara ta shigo da ranar da ke ƙuna tun da hantsi. Idan damina ta sauka, fadama ta cika, sai sauro ya karɓi aiki. Tsoron sauro kuwa ba na banza ba ne, domin binciken ƙasa kan zazzaɓin cizon sauro da aka yi a shekarar 2021 ya nuna cewa kashi 49 cikin 100 na yara 'yan ƙasa da shekara biyar da aka gwada a Jihar Kebbi suna ɗauke da ƙwayar cutar, adadin da ya fi na kowace jiha a Nijeriya. Wannan na cikin dalilan da suka sa aka zaɓi Kebbi, tare da Bayelsa, don fara allurar rigakafin cutar a watan Disamba na 2024.

Bayan yanayi akwai al'ada. Bahaushe ya daɗe yana ɗaukar sanyi a matsayin babban abokin gabar mai jego da jaririnta, shi ya sa ake wankan jego da ruwa mai zafi, ake shan kunun kanwa, ake kuma killace uwa da ɗa har kwana arba'in. Akwai gudun baki da kambun baka, wanda ke sa a ɓoye jariri mai kyan jiki daga idon jama'a. Akwai kunyar ɗan fari, wadda ke sa amarya ta fi son kada a ga abin da take goye da shi. Har ila yau akwai sutura, domin macen da ta riga ta yi goyo a cikin gida, idan za ta fita sai ta zura hijabi a kai, ya rufe ta ya rufe ɗan gaba ɗaya. Duk waɗannan dalilai ne da hankali ke karɓa. Abin tambaya shi ne ko akwai hanyar biyan buƙatunsu ba tare da an rufe fuskar yaro ba.

YADDA JIKIN JARIRI YAKE

Jikin ɗan Adam yana aiki daidai ne idan zafinsa ya tsaya a ƙayyadadden matsayi, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ga sabon haihuwa wannan matsayi shi ne tsakanin digiri 36.5 da 37.5. Babban mutum yana da dabaru da yawa na tsare wannan ma'auni. Yakan yi zufa, iska ta busar da ita, jiki ya huce. Yakan cire riga, ya koma inuwa, ya sha ruwa. Jariri ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan sai abin da aka yi masa. Hanyoyin zufarsa ba su gama ƙwari ba, fatarsa kuma tana da faɗi idan aka kwatanta da ɗan nauyinsa, saboda haka zafi da sanyi duka suna ratsa shi da sauri fiye da babba.

Kai da fuska su ne babbar ƙofar da zafi ke fita daga jikin jariri, domin kansa kaɗai ya kai kimanin kashi ɗaya cikin biyar na faɗin fatarsa. To, a duba halin ɗan da ke goye. Cikinsa da ƙirjinsa suna manne da bayan uwa, wanda shi ma zafi yake fitarwa, musamman idan tana tafiya ko aiki. Bayansa yana ɗaure da zane da majanyi. Abin da ya rage masa na shan iska shi ne kai da wuya da ƙafafu. Idan aka saukar da hijabi mai kauri ko tawul a kansu, an rufe ƙofar ke nan, zafin uwa da na ɗa da na rana suka haɗu a ɗan ƙaramin wuri babu mafita. Tufa mai duhun launi tana ƙara jan zafin rana, yadin roba kuwa, wanda ake ɗinka yawancin hijabai masu sauƙin kuɗi da shi, bai kai auduga barin iska ta ratsa ba.

An ga ƙarfin zafin muhalli a kan jarirai a arewacin Nijeriya kanta. Farfesa Hippolite Amadi, wanda ya ci kyautar kimiyya ta Nijeriya a 2023, ya yi aiki tare da likitocin Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Nguru a Jihar Yobe, inda suka lura cewa jikin jariran da ke kwance a ɗakin jinya yakan yi zafi da yamma ba tare da wata cuta ba, sai don zafin da ginin ya tara tun da rana. Suka kira abin zazzaɓin yamma, kuma da aka sauya fasalin ginin yadda ɗakin zai riƙa yin sanyi, sai matsalar ta ragu ƙwarai. Idan bangon ɗaki zai iya ɗaga zafin jikin jariri haka, to, ba abin mamaki ba ne tufar da ke manne da fuskarsa ta yi fiye da hakan.

ABIN DA AKA GWADA A WAJE

A ƙasashen Turai da ire-irensu, inda ake tura jarirai a cikin keke maimakon goyo, iyaye sun saba yafa ƙyalle a kan keken don tare rana. A shekarar 2014 wata jaridar ƙasar Suwidin mai suna Svenska Dagbladet ta yi gwaji a kan haka. Ta ajiye keken jariri a rana babu rufi, aka auna digiri 22 a cikinsa. Da aka yafa masa siririn ƙyalle, cikin minti 30 zafin ya kai digiri 34, bayan awa ɗaya ya kai 37. Wani likitan yara na birnin Sitokholm, Svante Norgren, ya kwatanta keken da aka rufe da fulas ɗin shayi, wanda aikinsa shi ne ya riƙe zafin abin da aka zuba masa.

Wannan gwajin jarida ne, amma masana a Jami'ar Sidni ta ƙasar Ostareliya sun yi nasu cikin tsanaki, suka wallafa sakamakonsa a 2023. Sun sami cewa busasshen ƙyalle yana ƙara zafin cikin keke da abin da ya kusa digiri 4 idan mai kauri ne, siriri ma yana ƙarawa, ko da yake bai kai haka ba. Ƙarin da suka auna bai kai na jaridar Suwidin ba, amma hanya ɗaya duka suka nuna. Abin lura a nan shi ne, Suwidin ƙasar sanyi ce, kuma keke ba shi da zafin jiki nasa na kansa. A Birnin Kebbi cikin watan Afrilu, inda iskar waje ta riga ta fi jikin yaro zafi, ƙarin digiri 3 ko 4 ba ƙaramin abu ba ne, balle ga wanda ke manne da bayan uwa.

Masanan Sidni sun kuma gano wani abu mai amfani. Da suka jiƙa siririn ƙyallen suka matse shi kafin su yafa, sai zafin cikin keken ya sauka da kimanin digiri 3, da suka haɗa da ƙaramar fanka kuwa ya sauka da kusan digiri 5. Sirrin ba baƙo ba ne ga wanda ya taɓa shan ruwan randa, domin ruwan da ke tsattsafowa ta jikin randa, iska tana busar da shi, shi ke tafiya da zafi ya bar na ciki da sanyi. Dabarar ta fi aiki a busasshiyar iska irin ta bazara, ta kuma rage ƙarfi da damina sa'ad da iska ke da laima. Amma a lura da kyau: a kan rumfar keke aka yi wannan gwaji, nesa da fuskar yaro, kuma dole a riƙa sake jiƙa ƙyallen, domin da ya bushe ya koma mai tara zafi. Jiƙaƙƙen ƙyalle da ya kwanta a kan hanci ya fi busasshe toshe numfashi. Gidajen ma'aikata da suka fara amfani da keken jariri sai su riƙe wannan bambanci.

Zafin kuma ƙaruwa yake yi. A ranar 3 ga Afrilu, 2024, an auna digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré na Bamako ya ba da rahoton mutuwar mutum 102 a kwanaki huɗun farko na watan, da yawansu tsofaffi. Masana yanayi da suka bi diddigin abin sun ce ɗumamar duniya ta ƙara wa wannan zafi tsanani. Kebbi tana cikin yanki ɗaya da waɗannan ƙasashe, saboda haka abin da kakanni suka yi suka wanye lafiya a zamanin gidajen ƙasa da inuwar itatuwa da saƙaƙƙen zanen auduga, ba lalle ne ya dace da zamanin rufin kwano da kwalta da yadin roba ba.

MATSALAR NUMFASHI

Lahani na biyu ya fi na farko saurin aukuwa, kuma ba ya jiran bazara. Sabon jariri yana numfashi sau 30 zuwa 60 a minti ɗaya, alhali babba sau 12 zuwa 20 yake yi. Iskar da ake shaƙa tana da oksijin kashi 21 cikin 100, wadda ake fitarwa kuwa oksijin ɗinta ya ragu zuwa kimanin kashi 16, gurɓatacciyar iskar da jiki ke zubarwa kuma ta ninka wadda ke cikin sarari kusan sau 100. Idan fuskar yaro tana cikin aljihun tufa, sai ya riƙa maimaita shaƙar abin da ya fitar. Babban yaro zai yi kuka ya fizge mayafin. Ɗan wata ɗaya ko biyu ba shi da ƙarfin wuyan da zai juya kansa, sai dai ya yi laushi ya yi shiru, uwa kuwa ta ɗauka barci ne ya yi daɗi.

Bugu da ƙari, maƙogwaron jariri siriri ne, idan kansa ya lanƙwashe haɓarsa ta taɓa ƙirji, hanyar iska takan matse. A watan Maris na 2010 hukumar da ke kula da amincin kayan masarufi a Amurka ta yi gargaɗi kan majanyun zamani masu kama da jaka, bayan ta bincika mutuwar jarirai 14 cikin shekaru 20, waɗanda 12 daga cikinsu ba su kai wata huɗu ba. A cikin watan kuma aka janye irin wannan jaka guda miliyan ɗaya daga kasuwa. Hukumar ta ce hatsarin ya fi yawa ga bakwaini, da wanda aka haifa da ƙarancin nauyi, da tagwaye, da mai mura. A Ingila an tsara ƙa'idoji biyar ga masu ɗaukar yara a majanyi: ɗaurin ya kama sosai, fuskar yaro ta kasance ana ganinta kullum, kansa ya kasance kusa da mai ɗauke da shi, haɓarsa kada ta taɓa ƙirjinsa, bayansa kuma ya sami madogara.

Irin wannan darasi aka koya game da barcin jarirai. Bincike ya nuna cewa kwantar da jariri rubda ciki, da rufe masa kai da bargo, da yawan tufafi, suna cikin abubuwan da ke ƙara hatsarin mutuwar fuju'a a cikin barci. Da aka fara gangamin wayar da kai a Amurka a 1994 kan a riƙa kwantar da jarirai rigingine, irin wannan mutuwa ta ragu da fiye da rabi cikin kimanin shekaru goma. Ba magani aka raba ba, ɗabi'a ɗaya kurum aka gyara.

GOYO BA SHI DA LAIFI

Kada mai karatu ya fahimci cewa goyo ne ake zargi. Goyo yana daga cikin kyawawan abubuwan da iyaye mata na ƙasar Hausa suka gada, har ilmin likitanci na zamani ya dawo yana koyi da shi. A shekarar 1978 wani likita a birnin Bogota na ƙasar Kolombiya, Edgar Rey, da ya rasa isassun kwalaben renon bakwaini, sai ya sa iyaye mata su riƙa ɗaure 'ya'yansu a ƙirji, fata da fata. Wani babban bincike da aka wallafa a 2021, wanda aka yi a Ghana da Indiya da Malawi da Tanzaniya da kuma asibitin koyarwa na Ile-Ife a Nijeriya, ya nuna cewa fara wannan reno nan take bayan haihuwa ya rage mutuwar ƙananan jarirai da kashi 25 cikin 100. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar a riƙa yin haka ga duk bakwaini. Ɗumin jikin uwa rai ne ga irin waɗannan yara.

Sai dai a duba yadda ma'aikatan jinya ke koyar da shi. Ana sa wa yaro hula da safa, a rufe bayansa, a juya kansa gefe guda, a ɗan ɗaga haɓarsa, fuskarsa kuwa tana waje inda uwa ke ganinta. Watau ko a wurin da ake neman ɗumi ido rufe, ba a yarda a rufe hanci da baki ba. Goyon baya yana da wata wahala da na ƙirji ba shi da ita, domin uwa ba ta ganin abin da ke bayanta. Saboda haka ya fi aminci ga jaririn da wuyansa bai yi ƙwari ba, watau kafin kimanin wata huɗu, a rungume shi ta gaba idan za a yi tafiya mai nisa. Idan kuwa goyon ya zama dole, a tabbata kansa yana juye gefe, zane ya tallafi ƙeyarsa, hancinsa bai nutse a bayan uwa ba.

WURAREN DA YA KAMATA A YI HATTARA

Akwai wasu wurare a rayuwar yau da kullum da hatsarin ya fi taruwa. Na farko shi ne kan kabu-kabu, inda uwa kan ƙudundune goyo saboda iska da ƙura, ƙarar babur kuma ta hana ta jin motsinsa. Na biyu shi ne motar haya, misali tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, tafiyar kimanin awa guda, inda ake cusa fasinjoji, mace ta zauna da goyo a matse tsakanin bayanta da kujera. Ya kamata a kwance goyo a rungume shi kafin a shiga mota. Na uku shi ne layin awo da rigakafi, ko a Asibitin Tunawa da Sir Yahaya, ko a babban asibitin Argungu, ko a ƙananan ɗakunan shan magani na karkara, inda jira kan kai har rana ta take.

Na huɗu shi ne wurin aiki. Wannan yanki ƙasar shinkafa ce, kuma mata su ne ƙashin bayan turara ta da shanya ta. Mai tsaye a gaban tukunyar turara tana shan zafin wuta da tururi, goyonta ma yana sha, idan kuma an rufe shi don gudun hayaƙi sai zafin ya ninka. Gara a shimfiɗa masa a inuwa, nesa da murhu, a sa wani ya zauna kusa da shi. Na biyar shi ne taron jama'a, kamar biki da suna da Idi, da kuma bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934, hukumar UNESCO kuma ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016. An saba yin sa ne a Fabrairu ko Maris, daidai lokacin da zafi ke kunno kai, dubban mutane kuma sukan yi cincirindo a bakin Matan Fada. Cunkoso da rana da lulluɓi idan suka haɗu a kan ɗan wata biyu, abin ya yi masa yawa.

ALAMOMI DA ABIN YI

Hannu da ƙafar jariri sukan yi sanyi ko da jikinsa yana da zafi, saboda haka ba da su ake gane halinsa ba. A taɓa ƙeyarsa ko ƙirjinsa. Idan suna da zafi ko sun jiƙe da zufa, tufafin sun yi yawa. Ƙurajen zufa a wuya da baya su ma saƙo ne. Alamomin da suka fi tsanani su ne numfashi da sauri, ƙin kama nono, raguwar fitsari ko ya yi duhu, bushewar baki, faɗawar maɗiga, laushin jiki, barcin da ake tashinsa da ƙyar, sauyin launin leɓe, da kuma jijjiga.

Idan aka ga jikin ya yi zafi, a kai shi inuwa, a cire masa kaya, a shafe shi da ruwa mai ɗan ɗumi ko na randa, ban da na ƙanƙara, a yi masa fifita, a ba shi nono. Jaririn da bai kai wata shida ba nonon uwa ya ishe shi ko a tsakiyar bazara, domin mafi yawan nono ruwa ne. Abin da ake buƙata shi ne a yawaita ba shi, ita kuma uwa ta yawaita shan ruwa. Wanda ya wuce wata shida ana iya ƙara masa da tsabtataccen ruwa. Idan zafin bai sauka ba bayan ɗan lokaci, ko yaro ya ƙi nono, ko ya yi laushi, ko ya yi jijjiga, to, asibiti kai tsaye. Duk jaririn da bai kai wata uku ba wanda zafin jikinsa ya kai digiri 38, likita ya kamata ya duba shi ran nan. Dalili shi ne zazzaɓin cizon sauro da sanƙarau suna iya farawa da irin waɗannan alamomi, kuma lokacin sanƙarau shi ne lokacin zafi, kamar yadda aka gani a ƙananan hukumomin Gwandu da Aliero da Jega a watan Maris na 2025. Al'adar ƙudundune yaro mai zazzaɓi don ya yi zufa ya warke tana ƙara wutar ne kawai.

BIYAN BUƘATA BA TARE DA RUFE FUSKA BA

Kowane dalili na rufewa yana da wata hanyar da ta fi aminci. Idan rana ake gudu, abin da yaro ke buƙata inuwa ce wadda iska ke bi ta ƙarƙashinta, kamar laima, ko 'yar malfa mai faɗin baki, ko siririn mayafin auduga mai hasken launi wanda ya tare sama ya bar gefe biyu a buɗe. Da bazara 'yar shimi ɗaya da kunzugu sun isa a ƙarƙashin zanen goyo, kuma gara a fita da sassafe ko bayan la'asar. Idan sanyi ake gudu, a sa masa hula da safa da riga ɗaya ko biyu fiye da abin da babba ya sa, a rufe jiki zuwa kafaɗa, a tuna kuma cewa ranar hunturu takan yi zafi da hantsi, sai a rage kayan da aka sa da asuba. Idan ƙura ce, a tare ɓangaren da iska ke fitowa, a bar tazara tsakanin ƙyalle da hanci. Ko a lokacin annobar korona a 2020, likitocin yara sun hana a sa wa ɗan ƙasa da shekara biyu takunkumi, saboda wannan dalili na numfashi.

Idan sauro ne, gidan sauro shi ne maganinsa, domin yana tare sauro ya bar iska. Idan kuwa sutura ce, mata da yawa sun riga sun sami mafita: sukan sa hijabinsu tukuna, sa'an nan su yi goyo a kansa, uwa ta suturtu, ɗa kuma yana shan iska. Wadda ta fi son ta rufe goyon, sai ta fito da kansa waje, ta kuma riƙa kai hannu tana taɓa shi a kai a kai, ko ta duba shi da ɗan madubi, ko ta ce wa ta kusa da ita ta leƙa mata fuskarsa. Mai gudun baki kuwa, addu'a ce iyaye da malamai suka koyar a matsayin tsari, ita kuma ba ta buƙatar a toshe wa yaro hanci.

Ma'aikatan gwamnati da ɗalibai suna da babban rabo a wannan gyara. Su ne ke sayen kayan barka, saboda haka suna iya zaɓen siririn zanen auduga da gidan sauron jarirai maimakon shawul mai gashi wanda aka saƙa don ƙasashen ƙanƙara. A cikinsu akwai masu shayarwa da ke zuwa ofis ko aji da goyo, a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Waziri Umaru, da Kwalejin Ilmi ta Adamu Augie a Argungu, da ma'aikatu dabam-dabam, waɗanda ya kamata shugabanni su tanadar musu wuri mai inuwa da iska inda za su sauke yara. Su ne kuma ake jin maganarsu idan sun koma gida. Amma maganar tana son ladabi, domin yawanci kaka ce ko gwaggo ke ba da umurnin a rufe yaro, kuma ta yi reno da yawa kafin a haifi mai yi mata bayani. Wanda ya ce, "Inna, a ɗan buɗe masa fuska ya sha iska, likitoci sun ce zafin yanzu ya fi ƙarfinsa," zai fi samun biyan buƙata bisa ga wanda ya zo da gardamar boko. Ungozomomi da ma'aikatan awo da gidajen rediyo su ma sai su sa wannan cikin abin da suke faɗakarwa, musamman kafin bazara ta shigo.

Hausawa sun ce gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Ba a ce a bar goyo ba, ba a ce a bar sutura ba, ba a kuma ce a bar yaro a rana ko a sanyi ba. Abu ɗaya ake roƙo ga duk mai ɗauke da jariri, a baya ko a ƙirji ko a keke: a bar fuskarsa a buɗe yadda iska za ta same shi, ido kuma ya gan shi.